Yadda Kififiya Ta Samo wa Teku Doka

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ku matso. A can da, akwai wata tsohuwar Kififiya, wato kunkurun ruwa, a cikin teku, ita da 'ya'yanta. Garuruwa uku ne a bakin ruwan: na marina, na majema, na masunta. Marina su zubar da ruwan baba a teku. Majema su zubar da ruwan jima. Masunta kuwa su jefa taru mai ƙananan idanu, ya kwashe babba da yaro. 'Ya'yan Kififiya suka yi ta ƙarewa, har ya rage saura Auta, shi ma idonsa na ciwo.

Kififiya ta ce za ta je ta ga sarakuna. Ƙaguwa maƙwabciyarta ta yi dariya, ta ce, "Iya, da wannan tafiyar taki? Kafin ki isa Auta ya yi jika!"

Kififiya ta ce, "Ke dai riƙe mini shi."

Ta isa wurin Tunau, sarkin marina. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwan babanku na makantar da ɗana."

Tunau ya ce, "Daga nan har inda idona ya tsaya, ruwana ne. A nawa na zuba."

Ta isa wurin Jatau, sarkin majema. Ya toshe hanci, wai ita ce ke ƙarni. Ya ce, "A nawa na zuba."

Ta isa wurin Makau, sarkin masunta. Ya ce, "Ni ma kifi ya yi mini ƙaranci, Iya. Amma a nawa nake su."

Kififiya ba ta yi fushi ba. Ta sake bin su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Na ji, ruwanka ne. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ka saki ƙwarya mai zanen garinku a kan ruwanka, ta yi maka gadi."

Kowannensu ya ji daɗin maganar, ya saki ƙwarya.

Ba a daɗe ba sai ga ƙwaryar majema a gaɓar marina. Ta marina ta sauka wurin masunta, ta masunta kuma wurin majema. Sarakuna suka taso a fusace, suka haɗu a bakin ruwa, kowa da ƙwaryar wani a hannu.

Tunau ya ce, "Kai Jatau, wa ya ba ƙwaryarka izinin shiga ruwana?"

Jatau ya ce, "Taka fa, ina ta kwana?"

Makau ya ɗaga ta sama, ya ce, "Ga ta nan, duk ta shafa mini shuni a taru!"

Sai Kififiya ta leƙo, Auta a bayanta. Ta ce, "Ranku ya daɗe, hanyar da ƙwarya ta bi, ita ruwan baba da ruwan jima ke bi kullum. Ƙananan kifin da Makau ke kwashewa kuwa, su ne manyan da 'ya'yanku za su ci baɗi."

Makau ya dubi idon Auta, ya sunkuyar da kai.

Nan suka zauna suka yi doka. Ruwan da ke kusa da kowane gari nasa ne, kuma shi zai kula da shi. Tsakiyar teku ta kowa ce, a wuce lafiya. Ba a zuba ƙazanta. Idon taru ya zama mai faɗi, ƙaramin kifi ya fice. Kowane sarki ya tsoma yatsa a shuni ya dangwala a bayan Kififiya, don ta zagaya teku da shaida.

Ruwa ya washe, idon Auta ya buɗe. Ƙaguwa ta ji kunyar dariyar da ta yi, har yau a karkace take tafiya don kada su haɗa ido. Ɗigo-ɗigon da kuke gani a bayan kififiya kuwa, yatsun sarakunan nan ne. Abin da ka zuba a teku, a gidan maƙwabcinka ka zuba shi.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, ta ƙare.