Makin Muhsin da Layin Ɗanladi

Akwai wani Muhsin, ɗan Kano, ma'aikacin wani kamfanin magunguna a Dubai. Mutum ne mai tsari, ko takalminsa ba ya ajiyewa a karkace. Matsalarsa ɗaya ce, yana so kowa ya san da haka.

Babban abin taƙamarsa shi ne makinsa na banki, wato lambar nan da ke nuna ko mutum yana biyan abin da ke kansa a kan lokaci. Nasa kullum a sama yake, ko ba ka tambaya ba sai ya buɗe waya ya nuna maka.

Matarsa Wasila ta je Kano haihuwa, tana shirin dawowa da jaririyarsu Nana. Ɗakin da suke haya a gidan haɗaka ba zai ɗauke su ba, sai Muhsin ya nemo ƙaramin gida a unguwar Al Khabaisi. Dillali ya ce mai gidan sai ya ga maki kafin ya ba da makulli.

Muhsin ya buɗe waya yana murmushi, sai ga maki ya faɗi warwas.

Dillalin ya ce, "Habibi, da wannan sai dai ka kawo mai lasisin kasuwanci ya tsaya maka. Daga Juma'a zan ba wani."

Hankalin Muhsin ya tashi. Ya kasa zama a ofis, ya kasa cin abinci, jim kaɗan sai ya sake duba waya ko lambar ta gyaru da kanta. Da 'yan kuɗi kaɗan zai iya buɗe cikakken bayanin da zai nuna masa inda matsalar take. Bai buɗe ba. Me zai duba, shi da ba ya kuskure?

Zuciyarsa ta tafi kan Ɗanladi kai tsaye. Shekarun baya, lokacin da Ɗanladi ya zo baƙo ba shi da takardar zama, Muhsin ya buɗe masa layin waya na biyan wata-wata da sunansa, irin taimakon da 'yan gida ke yi wa juna. Yanzu Ɗanladi ya yi shagon aika kaya a kasuwar Murshid Bazaar, amma bai sauya layin ba, don duk kwastomominsa ita ce lambar da suka sani.

Muhsin ya same shi yana ɗaure kwalaye, shagon cike da hajiyoyin Kano ana auna musu kaya.

"Ɗanladi, sakayyar da za ka yi min ke nan? Na ara maka sunana, ka ɓata shi."

"Wane suna, Malam Muhsin?"

"Layin nan. Ka daina biya, makina ya faɗi."

"Wallahi ban taɓa tsallake wata ba. Zauna in nuna maka."

"Khalas, ba sai na gani ba. Haka kuke, a taimake ku ku ci amanar mutum."

Hajiyoyin suka juyo suna kallonsu. Ɗanladi ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗaurinsa.

Da yamma Muhsin ya kira Wasila yana huci. Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Abban Nana, katin nan da ka yanka da almakashina bara da azumi, ka je banki ka rufe shi kuwa?"



Ya tuna. Daga wajen tafsiri ya dawo, an yi magana kan riba, ya ɗauko katin bashinsa ya daddatsa, har da ɗaukar hoto ya tura wa abokai. Niyyar kam mai kyau ce, amma banki bai san an yi ba. A wajensu kati yana nan da ransa, kuɗin sabuntawa na shekara ya hau, watanni suka shuɗe ba a biya ba. Saƙonninsu kuwa gogewa yake yi, a zatonsa talla ce.

Washegari ya je ya biya, ya rufe katin. Aka ce masa maki ba ya hawa rana ɗaya, sai ya yi haƙurin watanni. Ga Juma'a ta ƙarato, kuma a duk faɗin yankinsu na Deira mai lasisi ɗaya ya sani.

Ya isa ƙofar shagon Ɗanladi ya wuce, ya dawo ya sake wucewa, kunya kamar ya nutse. Daga ƙarshe ya shiga, ya faɗi gaskiya, ya nemi gafara a gaban duk wanda ke wurin.

Ɗanladi ya saurare shi, ya ɗauko lasisinsa ya ce, "Yalla, mu je."

Ya sa hannu a ofishin dillali, aka miƙa wa Muhsin makulli. Da suka fito, Ɗanladi ya zare layin daga wayarsa ya ɗora masa a tafin hannu.

"Ga sunanka, Malam Muhsin."

"Haba Ɗanladi. Kwastomominka fa?"

"Za su saba da sabuwa. Jaririya ba ta yi min komai ba, don ita na sa hannu."

Ya juya ya nufi tashar jirgin ƙasa.

Wasila ta dawo, suka tare. Bayan watanni maki ya koma inda yake. In sun haɗu a masallaci Ɗanladi yakan gaishe shi da sakin fuska, har ya tambayi Nana. Amma har yau Muhsin ba shi da sabuwar lambarsa.

Darasi: In abu ya lalace maka, fara bincikar kanka kafin ka ɗora wa wani, musamman wanda ka taɓa taimaka wa. Yanka kati ba rufe shi ba ne, je banki su tabbatar maka. Maki yana faɗuwa ya tashi, amma mutumin da ka kunyata a bainar jama'a yana iya yafe maka ba tare da ya dawo ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman mazauna ƙasashen waje.