Daddawar Iya a Ƙasar Italiya

Akwai wata yarinya mai suna Juwairiyya Jibo, 'yar wani ƙauyen Hausawa da ke bakin Kogin Nilu a ƙasar Sudan, ba nisa da madatsar Makwar. Abin nan ya faru ne kafin yaƙi ya tarwatsa mutanen wannan yanki na Jazira. Mahaifinta manomin auduga ne, ita kuwa Allah ya ba ta kai, har ta shiga jami'a a birnin Madani tana karanta ilimin sarrafa abinci.

A shekararta ta ƙarshe aka zaɓe ta cikin ɗaliban da za a kai Italiya ziyarar karatu. Za su zaga ƙauyukan bakin teku da tsofaffin garuruwan kan dutse, su ga yadda mutanen can suke adana abincinsu na gado. An kuma gaya musu cewa bayan an dawo, mutum ɗaya zai samu gurbin ƙarin karatu a can. Wanda zai zaɓi mutum ɗayan shi ne jagoran tafiyar, Ustaz Nasir.

Shi Nasir ɗan ƙauyensu ne. Mahaifiyarsa, Inna Barakatu, tare suke yin daddawar 'ya'yan yakuwa da Iya, kakar Juwairiyya, duk shekara in an gama girbi. Amma tun da ya shiga birni ya tuɓe Hausa ya ajiye kamar tsohon takalmi. In an tambaye shi garinsu, sai ya ce Sinnar, ya yi sauri ya kawo wata maganar.

Ranar da Juwairiyya take haɗa kaya, Iya ta shigo da gwangwani a hannu. A ciki akwai dunƙulen daddawa da ƙullin busasshiyar kuɓewa.

"Ungo, ɗiyata. Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana."

"Haba Iya! Jirgin sama fa za mu shiga. Wari zai kore mu."

"Wari?" Iya ta riƙe haɓa. "Wanga warin shi ya raini ubanki har ya yi gemu. In sun ba ki nasu, ki ba su naki."

Juwairiyya ta yi dariya, ta nannaɗe gwangwanin da leda, ta tura shi ƙasan jaka.

A filin jirgi ta hango Nasir, ta russuna ta ce, "Yaya Nasir, an tashi lafiya? Inna tana gaishe ka."

Ya waiga hagu da dama. Sannan ya amsa mata da Larabci, murya ƙasa-ƙasa: "Daga nan har mu dawo, sunana Ustaz. Wancan yaren kuma ki bar shi a ƙauye."

Ta haɗiye maganar, ta bi layi.

Ƙauyen farko da aka kai su yana bakin teku. Gidajen a manne suke da jikin dutse, wani kan wani, ja da ɗorawa da shuɗi, kamar an jera kwanukan amarya. An yanka tudun hawa-hawa an shuka lemon tsami, ƙasa kuma jiragen masunta ne a kife bisa yashi. Malamar da take zagawa da su, wata Ba'italiya mai suna Karla, ta shigar da su wani ɗaki mai duhu cike da gangunan katako.

Ƙofa na buɗewa, wari ya doke su. Mai ɗakin, wani tsohon masunci, ya yi bayani yana bugun ƙirji. Ƙananan kifaye suke jerawa da gishiri, su danne, su bari su daɗe har ruwa ya tsatso. Ruwan nan shi ne ɗanɗanon girkinsu tun kaka da kakanni, kuma daga ƙasashe ake zuwa saye.

Nasir ya lumshe ido ya shaƙa. "Kun gani? Wannan ita ce wayewa. Mutane masu riƙe gadonsu."

Ibtisam, ƙawar Juwairiyya, Balarabiyar Rufa'a, ta zungure ta. "Wallahi warin kifin kakata ne sak. Da a gida ne da ya ce a fitar da shi waje."

Suka ƙunshe dariya.

To, a hanyarsu ta barin bakin teku rana ta buɗe, jakunkuna suka yi zafi a cikin mota. Da aka tsaya shan iska, direba ya buɗe wajen kaya, ya ja da baya yana fifita hanci. Nasir bai yi tambaya ba. Hancin da ya tashi a gidan Inna Barakatu ba ya ɓatan wannan ƙanshin. Ya ja Juwairiyya gefe.

"Me kika ɗauko?"

"Tsarabar Iya ce, Ustaz."

"Ga kwandon shara can. Je ki zubar."

"Ba zan zubar ba."

"Kin san me ake kiranmu a Madani saboda irin wannan? Kin san shekara nawa na yi ina wanke sunan nan daga jikina? Yanzu kuma ki biyo ni da shi har ƙasar Turawa?"

"Ɗazu ka yaba wa na tsohon can."

"Nasu daban." Ya nuna ta da yatsa. "Ki saurare ni. A ɗaliban nan babu wanda ya kai ki, kuma ke na yi niyyar ba gurbin. Amma in gwangwanin nan ya buɗu a gaban mutane, shi ke nan, ki manta da gurbin."

Ba ta zubar ba, amma ta ƙara masa leda, ta ɗaure tam.

Daga nan mota ta yi ta hawa da su har wani tsohon gari a kan dutse. Ganuwa ce ta kewaye shi, an gina ta tun zamanin yaƙin takobi. Lungunan ba su fi faɗin jaki da kaya ba, duk matakala ne, kuma in ka leƙa ta saman ganuwa sai ka ga gonakin zaitun sun miƙe har inda ido ya gaza. Malama Karla ta nuna musu rumbunan da aka fafe cikin dutse, da rijiyar tsakiyar gari wadda ta shayar da mutane lokacin da maƙiya suka yi musu ƙawanya.

A nan ta sanar da su cewa ranar ƙarshe za a yi girkin haɗin gwiwa a dandalin gari. Matan garin za su dafa nasu, baƙi ma su dafa nasu. Nan take Nasir ya yanke hukunci: kisra za a yi, wato siririyar wainar dawa ta Larabawan Sudan, da miyar nama, da shayi.

Da safiyar ranar Juwairiyya ta fita dandali. Sai ta tsaya cak. Wata tsohuwa mai suna Asunta ce tsaye kan babbar tukunya, ta kama muciya da hannu biyu tana tuƙa garin masara, gumi na zuba, tururi na tashi.

"Ibtisam," ta ce, "zo ki ga. Tuwo ne! Wallahi tuwo ne!"

Tsohuwar ta ga yadda take kallo, ta miƙa mata muciyar. Juwairiyya ta gyara tsayuwa ta tuƙa irin tuƙin gida, tana kifa muciya tana murje gudaji a jikin tukunya. Asunta ta tafa hannu ta kira sauran matan. Malama Karla ta fassara: "Ta ce wa ya koya miki? Kuma da wace miya kuke ci a wajenku?"

Juwairiyya ta tuna da tsarabar Iya. Ta mayar da muciyar, ta nufi masauki. Ibtisam ta biyo ta da gudu.

"Na san abin da za ki ɗauko. Ki yi wa Allah ki bari. Ki karɓi gurbin tukuna, in kin dawo ki dafa musu daddawa har su bar miki garin."

"In na ɓoye ta yau don in samu, gobe me zan ɓoye don in riƙe? Haka Yaya Nasir ya fara."

"Za ki yi kuka fa."

"Na sani."

Ta dawo da gwangwanin, ta buɗe shi a tsakiyar dandali. Ta roƙi ƙaramar tukunya, ta dafa albasa da nama, ta daka daddawa ta zuba, ta kaɗa kuɓewa. Ƙanshi ya bi lunguna. Wani saurayi ya toshe hanci ya matsa. Biyu daga cikin ɗaliban suka sunkuyar da kai. Nasir yana can wajen masu kisra, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin.

Asunta ta yanko tuwonta, ta dangwala, ta ɗanɗana. Ta yamutsa fuska. Ta tsaya tana juya harshe. Sai ta sake dangwalawa, a ta uku kuma ta janyo kujera ta zauna. Wasu suka ci suka ƙara, wasu suka ɗanɗana suka gode suka wuce. Malama Karla kuwa dunƙulen ta ɗauka tana sansana, tana ta jero tambaya. Can ta juya wajen jagora.

"Ustaz Nasir, ba ku gaya mana akwai wannan a Sudan ba. Abincin su wane ne?"

Ibtisam tana ɗaukar bidiyon bikin da wayarta. Nasir ya yi murmushin dole.

"Wasu baƙi ne daga Afirka ta Yamma da suke zaune a gefen ƙauyukanmu. Ni ban san su sosai ba."

Juwairiyya ta ajiye ludayi. Ta ɗaga murya har ta kai ƙarshen dandalin.

"Malama, mu ne. Sunanmu Hausawa. Kakan mahaifina da hannunsa ya haƙa magudanar ruwan da ake noman auduga da ita, kabarinsa yana ƙauyenmu. Baƙo ba ya da kabarin kakanni." Sannan ta juya ta dubi Nasir, ta faɗa da Hausa tsantsa: "Yaya Nasir, wannan da kake kawar wa kai, hannun Inna Barakatu ne ya dunƙula ta."

Ibtisam ta fassara wa na kusa da ita. Nasir ya juya ya bar wurin.

A jirgin komowa ya sanar cewa wani ɗalibin zai ba gurbin. Juwairiyya ta rufe fuska da mayafi, ta yi kukanta har suka sauka. Amma ko sau ɗaya ba ta je ta ba shi haƙuri ba.

Kafin su isa gida, bidiyon Ibtisam ya riga su. Ya bi wayoyin ƙauye gida-gida, jikoki suna fassara wa tsofaffi.

Ranar Juma'a Nasir ya zo ganin gida da tsaraba niƙi-niƙi. Juwairiyya tana tsakar gidan Inna Barakatu, Iya ta aike ta mayar da turmi, don haka a kan idonta aka yi komai. Inna ta tare shi a zaure, ta shimfiɗa masa tabarmar baƙi, ta kawo shayi a kofin gilashin da ba a fitarwa sai ga manyan baƙi. Ta gaishe shi da Larabcinta na kasuwa, ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi daga wane gari yake.

Ya yi dariyar yaƙe, ya miƙe zai shige ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Cikin gida na 'yan gida ne, ya Ustaz."

Sannan bakinsa ya buɗe da harshen da ya yi shekaru bai taɓa ba.

"Inna, ni ne fa. Nasiru ne."

"Au! Ashe kana jin Hausa?" Ta gyara ɗaurin zani. "An ce mini ba ka san mu sosai ba. Da mi na biya maka makaranta, in ba da abin da kake toshe wa hanci ba? Ni na yafe nawa, ni uwa ce. Amma ɗiyar mutane da ka danne wa haƙƙi don ta faɗi sunan ubanta, wannan ba nawa ba ne balle in yafe. An gaya mini da bakinka ka ce babu wanda ya kai ta. Koma ka gyara. Ƙofar ga tana nan."

Bai kwana a ƙauyen ba. Ya koma Madani, ya tsaya gaban shugabannin sashensu ya ce zaɓin da ya yi na fushi ne, ba na cancanta ba. An yi masa faɗa, an kuma karɓe jagorancin tafiye-tafiye daga hannunsa. Aka duba sakamakon ɗaliban, gurbi ya koma ga Juwairiyya.

Da ya dawo da labarin, gidan Jibo ya fara zuwa. Ya durƙusa gaban Iya ya gaishe ta da Hausa, yara na leƙe ta katanga. Daga nan ya wuce gidansu, ya tsaya a zaure ya yi sallama.

Inna Barakatu ta ɗaga labule ta ce, "Shigo, ɗan gida."

Darasi: Wanda ya raina tukunyar da ta ciyar da shi, a ƙofar gidansu zai zama baƙo. Je ka ga duniya, ka koyi abin kirki a wajen kowa, amma kada ka sayar da sunan iyayenka don neman matsayi, ko da tsayawa a kan gaskiya za ta sa ka kuka. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman yaranmu da suka fara jin kunyar amsa gaisuwa da Hausa.