Giɓin Sarki Jatau

An ce Sarki Jatau mutum ne mai zargi, ko tari aka yi a fada sai ya tambayi wa ya sa. Wata rana wani mai zane, Tanimu, ya zana shi da giɓinsa na gaba, alhali masu zanen baya duk cike masa giɓin suke yi. Sarki ya ce maƙiya ne suka turo shi, ya sa aka tsare shi, gobe a sare hannun.

Tsohon wanzaminsa, Barmo, yana yi masa aski ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji labarin sarauniyar Rasha da masu zanenta?"

Sarki ya harare shi. "Faɗi."

Barmo ya ce, "An yi wata sarauniya a can, shekara talatin ana zana ta budurwa bisa farin doki, har ta yi furfura hoton bai tsufa ba. Wani dattijo ya zana ta da tamojinta, ta ce izgili ne, ta ɗaure shi. Ya ce, 'Ranki ya daɗe, kada ki zama mai jakin nan.' Ta ce, 'Wanne?'

"Ya ce, 'Wani ne mai jaki mai ido ɗaya, kullum yana cika baki jakinsa ba aibu. Ran da jakin ya ɓace ya shiga cigiyar jaki lafiyayye. Mutum goma sun ga mai ido ɗaya ya wuce, ba wanda ya tare shi. Mai ɓoye aibi, ranar cigiya yake kuka.'

"Ba ta saurara ba. Ran nan ta ɓad da kama ta shiga kasuwa don ta ji masu gulmarta. Da ta dawo, sababbin masu gadi suka dubi hotonta da ke ƙofar fada, suka dube ta, suka ce, 'Iya, yi gaba.' Waɗanda suka san fuskarta a ciki kuwa suka yi gum, domin dama abin da suke jira ke nan."

Tsoro ya kama Sarki. Can ya ce, "Kai kuma wa ya turo ka da wannan labari?"

Barmo ya ce, "Shekara ashirin askata na bisa maƙogwaronka. Da ina turuwa, ai ba da labari zan zo ba."

Sarki ya shafa wuyansa. "Gaskiyarka. A saki Tanimu. A kirawo mini masu zanen da suka cike mini haƙori, ina da tambaya."