Katin Ƙwayar Da Aka Mayar Ƙararrawa

Akwai wani kafinta da abokan aikinsa ke kira Dogo. Cin zalin da aka yi masa ya fara ne ranar Talata, bakwai ga watan Yuni, kuma a gaban mutane aka yi shi, don kada wani ya ce ƙage ne.

Dogo ya yi shekaru yana shan ƙwaya. Ciwon baya ne ya sa ya fara, ta zo ta fi ƙarfinsa, har matarsa ta ɗauki 'yarsu ta koma gidan iyayenta. Da ƙyar, da jinya da hawaye, ya rabu da ita. Matar ta dawo, ta ce masa, "In ka sake komawa, ba ni ba kai."

Shagon da yake aiki na ɗan wan babansa ne, wanda kowa ke kira Yaya, mutum mai son in ya yi magana a yi dariya.

A ranar Talatar nan kan Yaya ke ciwo, sai ya ɓallo magani daga katinsa. Katin ya yi ƙara, ƙaras! Dogo yana can ƙurya yana goge ƙofa, sai ya juyo firgigit, tun bai san ya juyo ba.

Yaya ya fashe da dariya. "Kun gani ko? Kullum sai na yi ta kira ba ya ji. Ashe ba da yarensa nake magana ba!"

Daga ranar ya ajiye fankon kati a aljihu. In yana son guduma, ƙaras. In yana son a ɗauko katako, ƙaras. Dogo ya juyo, a yi dariya.

Dogo ya same shi a gefe ya ce, "Yaya, don girman Allah ka bari. In na ji ƙarar nan bakina yawu yake kawowa."

"Ba ka ce ka daina ba? Fanko ne fa! Ƙaton namiji da kai kana tsoron takarda? Horar da kai nake yi."

Wannan ba horo ba ne, jahilci ne. Duk wanda ya koyar a aji ya san yara kan miƙe da jin ƙararrawar tashi tun kafin su yi tunani. Haka ƙwaya ke yi wa ƙwaƙwalwa, sai dai nata ya fi muni. Takan sa wani sinadari ya kwarara fiye da kima, shi kuma aikinsa ya ce, "Wannan abu muhimmi ne, ka riƙe shi." Sai ƙwaƙwalwa ta haddace duk abin da ke kewaye da shan: wurin, warin, har ƙarar katin. Mutum zai daina, amma haddar tana nan. Da an taɓo ta, sha'awa ta taso. Akwai sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke taka birki, to amma shi ma yana gajiya, balle ga wanda ake kunyatawa daga safe zuwa yamma.

Dogo ya daina iya cin abinci. Matarsa ta ce, "Baban yarinya, mene ne?"

"Wallahi ba daɗin ƙwayar nake tunawa ba," in ji shi. "Na tsane ta. Amma jikina kiranta yake kamar mai ƙishirwa. Ina jin tsoro."

Ta saka mayafi ta tafi shagon, ta durƙusa a cikin garin katako. "Yaya, ka rufa mana asiri. Ka yar da katin nan."

"Tashi, tashi. Ke ce kike shagwaɓa shi. Koma gida ki dafa masa abinci."

Dogo ya toshe kunnuwansa da auduga. Yaya ya gani, sai ya riƙa zuwa har gabansa yana kaɗa masa katin a fuska. Dogo ya nemi aiki a wani shagon, aka ce wa zai ɗauki ɗan ƙwaya. Ya dawo.

Rannan wani mai sayen kujeru ya zo, Yaya ya ce, "Tsaya ka ga abin mamaki." Ƙaras! Dogo ya juyo. Baƙon ya yi dariya har da riƙe ciki.

Dogo ya ajiye zarto ya fita. Bai yanke shawarar zuwa ko'ina ba, ƙafafunsa ne suka san hanyar masu sayar da ƙwaya. Ya sha daidai yadda ya saba sha a da, alhali jikinsa ya riga ya manta da wannan nauyin. A bayan tarin katako aka tsince shi, numfashi sama-sama.

Allah ya sa da sauran kwana. Da ya farfaɗo a asibiti ya ga matarsa, sai ya juya fuska bango. "Ki tafi. Na karya alkawari."

Ta riƙe hannunsa ta ce, "Na ga yadda ka yi ta kokawa. Ba komawa ka yi ba, tura ka aka yi. Ba inda za ni."

Ma'aikatan da suka yi ta dariya kunya ta kama su, suka ajiye kayan aiki, suka ce ba su ba shagon. Yanzu ƙofar a kulle take, masu kaya suna ta sintiri. Shi kuwa Yaya, har yau abin da yake cewa shi ne, "Ai wasa ne."

Darasi: Wanda ya daina shaye-shaye mai jinya ne, ba abin gwaji ba. Sha'awar da ke taso masa ba ragwanta ba ce, rauni ne a ƙwaƙwalwa, kuma mai fama masa raunin azzalumi ne ko da dariya ya yi. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka sani, har ya iske Yaya.

Kai kuma Yaya, ba a ɗaki za ka ba da haƙuri ba. A bakin shagon nan, a gaban ma'aikata da maƙwabta, inda ka wulaƙanta ɗan'uwanka, nan za ka tsaya ka ce, "Na zalunce shi, ya yafe mini." Ƙasa da haka ba mu karɓa ba.