Sarki da Garwashin Aro

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai ƙofa bakwai, Allah ya hore masa komai ban da haƙurin yunwa. Ba azzalumi ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Amma in hantsi ya dubi ludayi bai karya kumallo ba, to duk wanda ya kawo ƙara ya kuka da kansa.

Birnin unguwa uku ne: ta Musulmi, ta Kiristoci, da ta Maguzawa. Talakawa suna zamansu lafiya, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya. Manyansu ne ba sa ga maciji. Akwai Liman Ɗayyabu, akwai Malam Ishaya mai wa'azi a coci, akwai kuma Ranau maƙeri, dattijon Maguzawa. Kullum safiya suna zuwa fada da ƙara. Liman ya ce ƙararrawar coci ta katse masa karatu. Malam Ishaya ya ce gangar Maguzawa ta hana jama'arsa jin wa'azi. Ranau ya ce akuyar Liman ta yi kashi a gindin tsamiyar kakanninsa, kuma da gangan ta yi.

Wata rana suka yi ta kai ruwa rana a kan akuyar nan har kunun sarki ya huce, ya yi fata a sama. Sarki ya dubi kunu, ya dubi mutanen nan uku, ransa ya ɓaci.

Ya ce, "Ya ishe ni! Daga gobe kada allura ta ƙetara daga wata unguwa zuwa wata, kada gishiri, kada garwashi. A ja katanga tsakaninku, kowa ya zauna da nasa. Ni kuma na rantse da Wanda ya halicce ni, ba zan ƙara cin abin da aka dafa da wutar da ta taɓa shiga gidan wanda ba addininmu ɗaya ba."

Fadawa suka ce, "Gaskiyarka, zaki!" domin aikinsu ke nan. Waziri Zubairu kaɗai ya sunkuyar da kai. Dattijo ne mai sanyin hali, ya san magana zarar bunu ce. Ya kuma san abin da sarki bai sani ba, domin sarki tun da aka haife shi bai taɓa leƙa madafa ba.

A wancan zamani babu ashana. Mace in ta gama girki sai ta rufe garwashi da toka. In gari ya waye ta tarar ya mutu, sai ta ɗauki fasasshen kasko ta shiga gidan da ta ga hayaƙi ta ɗebo. Ba a sayar da wuta, ba a hana ta, ba a kuma tambayar masu gida ina suke fuskanta in za su yi ibada.

Mai shela ya zaga gari da dokar sarki, kuma kamar yadda masu shela suka saba, ya ƙara gishiri. Ya ce duk matar da ta ɗora tukunya a kan wutar da ba ta san asalinta ba, za ta kwana a hannun dogarai. Washegari birni ya tashi babu hayaƙi.

Da hantsi sarki ya nemi kumallo, aka ce babu. Uwar tuwon fada, wata mata mai suna Dudu, ta aiko cewa ita ba za ta yi rantsuwa a kan wutar da ba ita ta haife ta ba. Sarki ya sa aka kira Waziri.

Ya ce, "Waziri, kafin rana ta faɗi ka kawo mini wuta mai asali, wadda ba ta taɓa ƙetare addini ba. In ka kawo, in ci abinci, gobe a kafa harsashin katanga. In ba ka kawo ba, ka ajiye rawaninka a bakin ƙofa."

Waziri ya fito yana shafa rawani kamar mai ban kwana da shi. Gaba kura, baya sayaki. In ya samo wutar, garin da ya tsufa yana yi wa hidima ya tsage uku. In bai samo ba, ya koma gida da kai tsirara. Ya ga dai babu abin yi sai bin sawu, ya fara da Dudu.

Dudu ta ce, "Ranka ya daɗe, wutar fada ta mutu ranar Talata, na ɗebo a gidan Liman."

Waziri ya ce a ransa, ai wannan mai sauƙi ne, kuma sauƙin ya ba shi baƙin ciki. Ya je gidan Liman ya yi sallama. Matar Liman ta amsa daga bayan ƙofar zaure, ya tambaye ta asalin wutarsu.

Ta rage murya ta ce, "Tamu? Daga gidan Malam Ishaya take. Matarsa ta iya rufe toka, tata ba ta cika mutuwa ba. Don Allah, Waziri, kada maigidana ya ji."

Matar Malam Ishaya kuwa dariya ta yi. Ta ce, "Ni ai maƙerar Ranau nake zuwa. Gawayin ƙirya ne da su, garwashi ɗaya sai ya kai ka gida bai yi fushi ba."

A gidan Ranau, matarsa ta ce tasu ta mutu ranar kasuwa, an ɗebo musu a wurin Iya Tabawa mai tuyar waina. Nan wata dabara ta faɗo wa Waziri. Ya ce, "To a ba ni ƙyastu mana, in ƙyasta sabuwar wuta wadda ba ta da uwa ba ta da uba."

Matar ta dube shi da tausayi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, duk ƙyastun da ke garin nan, har wanda ke aljihun Liman, a cikin wutar maigidana aka ƙera shi. Sai dai ka jira tsawa ta faɗo."

Azahar ta wuce, Waziri ya ja ƙafa zuwa wurin Iya Tabawa. Rumfarta tana gindin wani ɗurumi, daidai inda unguwannin uku suka haɗu. A duk birnin, nan ne kaɗai hayaƙi ke tashi. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ta tanƙware kamar lauje, tana juya waina a tanda hankali kwance. A kan wani gungume a gefe, mutum uku sun zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ja mayafi ya rufe fuska, hannu na shiga ƙarƙashin mayafi yana fitowa.

Waziri ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ba ki ji shela ba?"

Ta ce, "Kunnena ya tsufa, ɗan nan. Ba ya jin shela, sai kukan yaro mai yunwa."

Ya kwashe labari ya gaya mata, har da na rawani. Ta ce, "Wutata tana da asali, na san shi tun daga kakanta. Amma asali ba a aika shi a kasko. Mai tambaya ya zo da ƙafarsa."

Waziri ya koma fada yana tsammanin faɗa. Ya tarar da sarki kwance a kan kilishi, ya ɗaure ciki da ɗamara, idanu sun faɗa. Da ya ji akwai hayaƙi a gari, bai ko jira a ɗaura wa doki sirdi ba. Ya fito da ƙafa, Waziri na nuna hanya, ko da yake daga rabin tafiya hancin sarki ne ya karɓi jagora.

Iya Tabawa ba ta tashi ba, domin gwiwa ta ƙi. Ta ce, "Sannu da zuwa, ya sarki. An ce kana neman wuta mai addini."

Sarki ya ce, "Haka ne, tsohuwa. Faɗi asalin taki, ki taƙaita."

Ta ɗauki kasko ta zuba garwashi uku a ciki, ta miƙa. Ta ce, "Ya sarki, a ce ɗaya ya kwana a unguwar Musulmi, ɗaya a ta Kiristoci, ɗaya a ta Maguzawa. Ware mini mai alwala a cikinsu."

Sarki ya ce, "Garwashi ba ya alwala. In ya yi, mutuwa zai yi."

Ta ce, "To dubi sama. Hayaƙin gida uku in ya tashi, wanne ke kauce wa ɗan'uwansa?"

Ya ce, "Babu. Hanyarsu ɗaya."

Ta ce, "Madalla. Saura mu tambayi masana." Ta miƙa sandarta ta zare mayafan mutanen da ke kan gungume ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Liman Ɗayyabu, ga Malam Ishaya, ga Ranau, kowa da maiƙo a gemu. Matansu sun ƙi girki, yunwa ta yi abin da sarki ya kasa yi shekara da shekaru, ta zaunar da su a kan itace ɗaya. Liman ya yi ƙoƙarin ɓoye waina a hannun riga, ta ƙone shi, ya fasa.

Iya ta dubi Liman ta ce, "Malam, maƙwabciya ta zo da kasko da safe, ba addininku ɗaya ba. A hana ta?"

Liman ya haɗiye, ya ce, "Subhanallahi. A wurinmu wanda ya ƙoshi alhali maƙwabcinsa na jin yunwa, imaninsa da saura. Ba a ce maƙwabci wane iri ba."

Malam Ishaya ya ce, "Mu ma an umarce mu da ƙaunar maƙwabci kamar kanmu. Ni ne ma ke faɗa duk Lahadi." Ya faɗi haka yana satar kallon Ranau, kunya ta kama shi.

Ranau ya ce, "Mu kam gidan da aka hana wuta, kakanni ba sa leƙa shi ko an yanka musu sa."

Iya ta ce, "Ka ji, ya sarki. Kowa da hanyarsa, ban ce wani ya bar tasa ba, ni ma ina riƙe da tawa gam. Amma kullum kana tambayarsu abin da ya raba su, ba ka taɓa tambayar abin da ya haɗa su ba."

Sarki ya ji maganar ta shige shi, amma girman kai ba ya sauka lokaci ɗaya. Ya ce, "Na ji. Sai dai na rantse, kuma har yanzu ba ki faɗi asalin wutarki ba."

Tsohuwa ta ajiye abin juya waina. Ta ce, "Shekara arba'in da biyar ke nan, aka yi ruwa kwana bakwai ba ƙaƙƙautawa. Wutar garin nan kaf ta mutu, har ta fada, itace ya jiƙe, audugar ƙyastu ta jiƙe. A rana ta bakwai matar sarkin wancan lokaci ta haihu. Ka san mai jego in ba a yi mata wanka da ruwan zafi ba, sanyi ya shige ta. Ga ta tana rawar ɗari, ga jariri ya koma fari fat. Ni ina aiki a madafar fada lokacin. Na fita cikin ruwa gida gida. A maƙerar uban Ranau na sami garwashi ɗaya tak a ƙarƙashin toka, shi ke nan gare su, suka ba ni. Uwar Malam Ishaya ta karya gadonta na kara, domin shi kaɗai ne busasshe, ta kwanta a ƙasa wata guda. Uwar Liman ta cire mayafinta ta rufa a kan kaskon, ta raka ni tana hurawa har fada. Da wutar nan aka dafa ruwan wanka kwana arba'in, da ita aka dama kunun kanwar da ya kawo nono. Daga gare ta duk gari ya sake kunnawa. Ni kuma na ɗebi tawa, ban bar ta ta mutu ba har yau."

Ta dubi sarki ta ce, "Jaririn nan kai ne. In wutar nan tana ɓata mutum, ya sarki, kai tun kana tsumma aka gama dafa ka a kanta."

Waziri ya ga hawaye ya gangaro a kuncin sarki, shi ma nasa idon ya cika, domin ya san mahaifiyar sarki kafin ta rasu, kuma bai taɓa jin wannan labari ba. Ana cikin haka, cikin sarki ya yi wani ƙugi na yunwa da aka ji har bakin rijiya.

Sarki ya share fuska ya ce, "Liman, mene ne hukuncin wanda ya rantse a kan wauta?"

Liman ya ce, "Ya bar wautar, ya yi kaffara, Allah ya ba ka nasara. Ya ciyar da miskinai goma."

"Da wace wuta za a dafa musu?"

Liman ya dubi Malam Ishaya, Malam Ishaya ya dubi Ranau, su ukun suka nuna murhun Iya da hannu. Tun da aka kafa birnin ba a taɓa ganin yatsunsu sun nuna wuri ɗaya ba.

Sarki ya ce, "Goma sun yi kaɗan, gari guda na hana ci. A buɗe rumbuna, a ciyar da unguwa uku. Tubalin katanga kuma a gina wa tsohuwar nan rumfa da shi." Sannan ya zauna a ƙarshen gungumen, Ranau ya matsa masa, ya ci waina har Iya ta ce ƙullu ya ƙare.

Da zai tafi ya ƙi yarda kowa ya ɗaukar masa wuta. Ya karɓi fasasshen kasko da hannunsa, ya bi ta tsakiyar gari yana hurawa, toka na tashi tana zuba a gemunsa. Mata suka fito da kasakensu suna ɗiba a nasa, bai tambayi ko ɗaya unguwarta ba. Waziri na biye, rawaninsa daram a kai.

A ƙofar fada sarki ya juyo ya ce, "Waziri, rubuta wannan, a karanta wa duk wanda zai gaje ni. Adalci garwashi ne: in ka ba maƙwabci, naka ba ya raguwa, in ka hana shi, ranar da naka ya mutu ba ka da inda za ka ɗebo."