Hoton Lisandro Da Maɓallai Huɗu

Akwai wani matashi a garin Siguatepeque na ƙasar Honduras mai suna Nahún, sana'arsa gina shafukan intanet. Ya iya aikinsa, wannan kam ba zan tauye masa ba. Matsalar ita ce ya san ya iya. Idan ka kira shi Nahún sai ya yi kamar bai ji ba, sai ka ce "Injiniya" tukuna zai ɗago kai.

A garin akwai ƙungiyar iyaye mata waɗanda 'ya'yansu suka kama hanyar Amurka ta cikin Mexico, aka daina jin ɗuriyarsu. Shugabarsu, Doña Marlen, ta roƙe shi ya yi musu shafin da za a jera hotunan yaran, don ma'aikatan asibitoci da gidajen saukar matafiya su riƙa dubawa.

Ya jera hotuna ɗari shida da goma sha huɗu, layi-layi kamar kiret ɗin ƙwai. Sai ya ɗauko wani ƙunshin lambobin JavaScript da ake samu kyauta, ya dasa maɓallai huɗu a sama: Chiapas, Veracruz, Tamaulipas, Sonora, duk jihohin Mexico. Kowane hoto ya liƙa masa alamar jihar da aka ji muryar mai shi a karo na ƙarshe. Ka danna Sonora, 'yan Sonora su taso, sauran su ɓuya.

Da farko akwai maɓalli na biyar mai suna "Duka". Ya cire shi, wai yana sa shafin nauyi a waya, kuma yana ɓata masa tsari.

Ranar da aka buɗe shafin an yi masa tafi, kansa ya ƙara girma.

A watan Afrilu wata tsohuwa ta shigo ofishinsa. Sunanta Doña Eufemia, mai gasa tortilla ce, wato wainar masara, daga wani ƙauye a kan tsauni, sai ta hau mota biyu kafin ta iso gari. Ɗanta Lisandro magini ne. Kiransa na ƙarshe cewa ya yi yana kan jirgin ƙasa, kada ta damu, bai faɗi inda yake ba. Saboda haka gurbin jiha a takardarsa da ta cike wa ƙungiyar babu komai.

Ta ajiye masa ƙullin kofi a kan tebur, ta ce, "Injiniya, ɗana ba ya cikin wayar."

Ya buɗe ma'ajiyar hotuna a kwamfutarsa, ya juyo mata da ita. "Wannan wane ne, Mama?"

"Shi ne."

"To ina matsalar?"

"A wayar Faston ƙauyenmu muka duba, bai fito ba."

"Wayar Fasto ai ta girme ni. Ku ce ya sayi sabuwa."

Ta tafi. A watan Mayu ta dawo, ya ce mata aiki ya yi masa yawa. A watan Yuli ta sake dawowa, wannan karon da wata takarda duk ta cika da zane-zanen fensir.

"Ɗana, ka yi haƙuri da ni. Na danna su huɗun, na ƙirga fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ɗari biyar da saba'in da uku ne. Doña Marlen ta ce mun fi ɗari shida."

Wallahi da ya karɓi takardar nan ya duba na minti ɗaya, da labarin ya canza. Amma dariya ya yi.

"Mama, ke da tortilla, ni da kwamfuta. Na taɓa zuwa in koya miki kwaɓa masara? Ki je gida ki huta."

Ita ma Doña Marlen da ta ji, cewa ta yi baƙin ciki ne ke sa idon tsohuwar tsallake ɗanta. Doña Eufemia ta ninke takardarta ta sa a aljihu, ba ta ƙara zuwa ba.

Kowace shekara iyayen kan yi ayari su bi hanyar da 'ya'yansu suka bi, kowace da hoton ɗanta rataye a wuya. A watan Nuwamba Doña Eufemia ta bi su.

A jihar Veracruz suka sauka a wani gida kusa da layin dogo, inda wasu sistocin coci ke jinyar waɗanda suka faɗo daga jirgi. Wata Sista Hermelinda tana raba musu ruwa, sai ta tsaya cak a gaban Doña Eufemia, ta kama hoton da hannu biyu.

"Wannan ɗanki ne?"

Wata bakwai Lisandro ya yi a kwance a gidan. Ya faɗo daga jirgi ya bugu a ka, bakinsa ya mutu, babu takarda ko ɗaya a jikinsa. Duk ranar Juma'a Sista Hermelinda takan buɗe shafin, ta danna maɓallan huɗu, ta bi fuskokin tana waiwayen majinyacin nata. Ba ta taɓa ganinsa ba. Ya rasu a watan Agusta, aka binne shi a kabarin da babu suna.

Ku lissafa da kanku. Duk zuwa ukun da mahaifiyarsa ta yi ofishin nan, yana da rai.

Daga can Doña Marlen ta kira Nahún. Ya buɗe lambobin shafin, nan take ya ga abin. Kowane maɓalli yana fito da masu alamarsa ne kawai. Hoton da ba shi da alama yana cikin shafin, amma babu maɓallin da ke kiransa, kuma "Duka" da zai nuna shi an cire.

Gyaran bai ci minti biyu ba. Ya ƙara maɓalli ɗaya, "Ba a san jihar ba", ya danna. Fuskoki arba'in da ɗaya suka taso suna kallonsa.

Doña Marlen ta ce, "Iyayen arba'in ɗin nan kai za ka kira su da bakinka, ka faɗa musu wata tara babu mai ganin 'ya'yansu. Wajen Eufemia kuma da ƙafarka za ka je."

Bayan ayarin ya dawo, Nahún ya hau mota biyun. Ya same ta a gaban murhu, ta rame ƙwarai. Ya durƙusa, ya miƙa mata wayarsa.

"Mama, na gyara. Ga shi, ya fito."

Ta goge hannunta a zani, ta karɓa. Ta daɗe tana kallo, har ya ji dama ƙasa ta tsage ya shige. Ya so ta zage shi, ko ta jefe shi da itacen wuta, da ya fi masa sauƙi.

"Ya yi kyau a nan," in ji ta. "Ranar bikin ƙanwarsa ne."

Ta miƙa masa wayar, ta juya tortillar da ta fara ƙonewa.

"Yanzu ka cire shi, ɗana. Shafin na waɗanda ake nema ne."

Darasi: Idan wanda bai kai ka ilimi ba ya ce aikinka yana da matsala, ka tsaya ka duba kafin ka yi dariya, domin shi ne yake amfani da abin, kuma shi ne zai cutu. Ku kuma masu gina shafuka, ku tambayi kanku inda wanda bai shiga kowane rukuni ba zai fito. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman waɗanda ƙwarewa ta fara toshe musu kunne.