Takwarar 'Yar Sahura

Ku matso, yau ba labarin dariya na zo da shi ba. Malam Tanimu ne aka haifa wa 'ya mace, jibi suna, ya rasa wadda zai yi wa takwara. Matarsa Sahura ta kusa tafiya wurin haihuwar nan, mata uku suka tsaya mata, ko wacce kuma sai da ta yi asara.

Ta farko Barira. Shekara uku da suka wuce ta haihu a wani babban asibiti, ɗan bai zo da rai ba, jini ya ƙi tsayawa, dole aka cire mata mahaifa. Danginta suka zo karɓar mahaifar su binne, yadda aka saba. Masu bincike suka roƙi a yanka musu ɗan tsoka daga mahaifar, dangi suka ce haram. Barira, da ko zama ba ta iya yi, ta ce, "Yaya, ku bar su su ɗiba. Ni dai ta gama mini amfani." Har yau wasu 'yan'uwanta ba sa taka gidanta.

Ta biyu Kubura, ma'aikaciyar ɗakin binciken. Ita ke yanka tsokar siri-siri kamar taliya, ta rataya a ruwan gishiri mai ɗumi, ta ɗiga magani, ta duba ko za ta tsuke. A nan ta gane cewa tsokar da ta daɗe tana shan ruwan naƙuda, wanda ake ɗaura wa mai haihuwa, takan daina jinsa, amma wani magani daban yana tsuke ta. To, maganin nan mai ciki ba ta taɓa shi. Kubura kuwa tana da cikin fari wata biyu, kunya ta hana ta faɗa wa maigidan aikin, namiji sa'an babanta. Ranar da kwalbar maganin ta fashe a hannunta, kafin la'asar cikin ya zube. Ta yi kwana arba'in a gida, ta dawo ta ƙarasa aikin. Ba ta sake samun ciki ba, abin yana ci mini rai.

Ta uku Hansatu, ungozomar ƙaramin asibitin garinsu Sahura. Ta ji sakamakon binciken a wani taro, ta riƙe shi a ka. Sahura ta wuni da ruwan naƙuda a hannu, ta haihu, mahaifa ta saki ta ƙi tsukewa, jini kamar an buɗe famfo. Aka yi allurar da aka saba har sau biyu, shiru. Ɗaya maganin yana kulle a kabad, ba a taɓa shi sai da izinin likita, likita kuma yana ƙetaren kogi. Hansatu ta ɗauko taɓarya ta fasa kwaɗon, ta ba Sahura maganin. Jini ya tsaya. Kwana uku bayan nan aka miƙo mata takardar sallama, bayan shekara ashirin da biyu tana aiki.

Hansatu ce ta ba Malam Tanimu labarin sauran biyun. Ya je ya gaishe su. Barira ta karɓi hoton jaririyar a waya, ta daɗe tana kallo.

Da ba tsokar Barira, Kubura ba ta da abin gwadawa. Da Kubura ta ajiye aikin, Hansatu ba ta san abin da za ta fasa kwaɗo a kai ba. Da Hansatu ta jira likita, da yanzu ana zaman makoki.

Yarinya ɗaya ce, suna ɗaya liman zai raɗa. To, ku faɗa mini, sunan wa ya kamata ta ci?